Tukwanen Ajuma da Jar Tuta

Tukwanena uku sun yi kwana goma sha ɗaya a zauren mai gari, a kife, awaki na hawa kansu. Tukwanen rini nake faɗi, ba na miya ba. Babbar cikinsu ta uwata ce, ta girmi mai garin kansa. Ni Ajuma, wadda zaren aure da kabar faifai na ƙauyenmu har zuwa Gecheme duk ta hannuna suke bi tun ba a san makarantar bokon nan da ake kira lakwal ba, ni anka yi wa shela a kasuwa cewa kada kowa ya sake kawo mini ko zaren ɗaure kaza. Zan faɗi yadda anka yi, don na gaji da jin labarin a bakin waɗanda ba su wurin.

Damina ta uku ce da tafiyar Nasara, gero ya kai gwiwa. Sai ga Mushe Norbert, malamin lakwal (Mushe shi ne malam a bakin Nasara), a ƙofar gidana da farin yadi a hammata. Mutumin Dogon Dutsi ne, Kirista, siriri mai tabarau, ko gona za shi sai da alƙalami a aljihu. A lokacin ba ni da rigima da shi. Matarsa Lea ma takan ɗora mini tulu a rijiya.

Ya ce, "Inna, wani babba zai zo daga Dogon Dutsi ranar bikin 'yancin kai, muna son tuta babba. Tsanwa mun samu a kasuwa, fari ga shi. Oranji ne babu."

Na ce, "Mi?"

"Oranji."

"Ciwo ne?"

Ya gyara tabarau ya ce launi ne, launin lemu. Na ce lemu ai tsanwa ne, kuma yanzu ya ce sun samu. Ya ce ba lemun tsami ba, wani lemu na can kudu. Na ce to ya je can kudu su rina mishi.

Muna cikin haka sai ga Sallau zai wuce. Sallau dogarin mai gari ne, shi ne kuma mai shela, kuma tobashina ne, ɗan kawuna, shi ya sa tun muna yara bakinsa bai taɓa hutawa a kaina ba. Ya tsaya yana taunar goro, ya tofar gab da takalmin Mushe. Mushe ya ja ƙafa, ya dubi ƙasa, ya nuna da yatsa ya ce, "Ga shi nan. Wannan ne."

Na ce, "Ruwan goro kake so, ka tsaya kana yi mini Nasaranci."

Sallau ya ce, "Ka ba ni yadin, Mushe, in tauna maka. Na fi tsohuwar ga sauri."

Ruwan goro ba wasa ba ne. Gangamau shi kaɗai rawaya yake ba ka, irin ta ɗorawa. Karan dafi in ya sha kanwa ja yake ba ka. Sai ka haɗa su, ka hana su kanwa, ka ba su ruwan tsamiya, sannan su tsaya a tsakiya. Kwana biyu na yi a kansa. Na daka, na dafa, na tsoma, na shanya a inuwa, na sake tsomawa. Da ya bushe, mata sunka riƙa shigowa kallo kamar an yi haihuwa.

Ranar da Mushe ya zo karɓa na riƙe yadin ban saki ba. Na ce, "Ka ji da kyau. Kada ya ga toka. Kada ya ga kanwa. Kada ya ga sabulu. In ya yi dauɗa, a kakkaɓe."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, shekara shida na yi ina karatu a Yamai."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Tela ya ɗinka, ruwan goro a sama, fari a tsakiya da 'yar rana ruwan goro, tsanwa a ƙasa. Duk gari sun gan ta a ƙofar tela, babu wanda bai yaba ba. Ku riƙe wannan, don daga baya kowa ya manta yana da ido.

Ranar biki gari ya waye da hadari, rana ba ta leƙo ba. Anka share filin lakwal, anka kafa doguwar gora, mai gari ya yanka rago. Babban ya iso tun da hantsi, kafin lokacin da ake tsammaninsa, cikin mota mai rufin tanti. 'Yan lakwal sunka yi layi sunka kama waƙa. Na lura Mushe ya fito da tutar a naɗe, ya rungume ta a ƙirji, gaban rigarsa a jiƙe, na ce ko zufa ce. Ya ɗaura ta, ya ja igiya a hankali kamar mai jan guga da ya san ya tsage. Ta kai sama, iska ta buɗe ta.

Ja. Ba jan barkono ba, ba jan ƙasa ba, jan yanka. Ranar tsakiya ta zama kamar tabon jini a farin zane, har tana ɗiga.

Waƙar ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Babban ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wurin mai gari, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Tutar wace ƙasa ce wagga?"

Shekarun nan ja ba launin wasa ba ne, launin masu ja da gwamnati ne, ana kama mutane a kan abin da bai kai haka ba. Mai gari ya dubi Mushe. Mushe ya dubi takalminsa ya ce, "Ni ban san abin da tsohuwar ta sa a ciki ba." Babban ya ce a sauke, ya yi 'yar magana a kan noman gyaɗa, ya shiga mota ya tafi. Ragon bai ko kalla ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Wasu sunka ce 'yan tsallaken iyaka sun saye ni. Ni da ban san sunan ko ɗaya cikinsu ba. Amma wanda ya fi kama bakin mutane shi ne na Sallau, da ya ce da wasa, wai ai an daɗe da sanin Ajuma na da doguwa a babbar tukunyarta, ita ke mata rini, ranar nan an manta ba a ba ta nono ba ta yi fushi. Shi wasa ya yi, gari bai ɗauka wasa ba. A ƙasarmu zama da iska ba abin kunya ba ne, gida nawa ne babu. Amma iskar da ke maida zane jini, wace uwa za ta kawo zaren auren ɗiyarta wurinta? Mai gari na neman wanda zai ɗora wa kunyarsa, ya aiko anka kwashe tukwanena, ran kasuwa Sallau ya zaga ya yi shela. Ya wuce ta gabana yana kauda kai.

Washegari na ɗauki tabarmata da muciyar rini na shimfiɗa a bakin zauren mai gari. Sunansa Jatau. Ni na goya shi lokacin da uwarsa ke jinyar kurkunu, ya sha yi mini fitsari a baya, don haka ba ni da wani "ranka shi daɗe" da zan ba shi sai ya nema da hali. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tsallake ƙafata. In ya fito in ce, "Jatau, tukwanena." In ya koma in ce, "Jatau, tukwanena." In baƙi sun zo daga Tibiri in ba su labarin fitsarin.

Rana ta huɗu ya aiko mini da fura. Na sha, na mayar da ƙwarya, na ce, "Jatau, tukwanena."

Rana ta goma na ce masa gobe da safe zan kama hanyar Dogon Dutsi da ƙafa, ba ɗankwali, in je in tsaya a ƙofar babban nan in faɗa masa yadda ake shari'a a ƙauyenmu, ba a tambayi mai laifi ba, ba a tambayi tuta ba. Ya ce, "Inna, tuta ake tambaya?" Na ce a fito da ita a gani.

Da safe anka taru a gindin gawon da ke gaban zaure, maza a gaba, mata a baya. Mushe na gefe a tsaye, ya harɗe hannu. Tutar kuwa ashe tun ranar tana bayan rumbu, an danne ta da dutse da laya. Sallau ya kawo ta a kan sanda, yana riƙe da ita nesa kamar mushen maciji.

Na ce, "Kawo nan, ragon namiji. Abin da ka ƙirƙira da bakinka kake tsoro?"

Ya ce, "Na ƙirƙira, amma wa ya sani ko na dace."

Na zo da ƙwarya biyu, ɗaya ruwan tsamiya, ɗaya ruwan toka. Na ce kowa ya matso ya sansana, liman ma ya ɗanɗana na tsamiya ya yamutsa fuska ya shaida. Na kama gefen jan na tsoma a tsamiya, na ɗan murza, na ɗaga. Ruwan goro, kamar ranar da na ba da shi. Na tsoma a toka, ya koma ja. Na mayar a tsamiya, ya dawo.

Na ɗaga kai ina jiran a ce Ajuma kin yi gaskiya. Sai na ga fili ya buɗe, kowa ya ja baya taku uku. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido. Sallau ya ce, "To kun gani. Da a ɓoye take kiran ta, yau a gabanku."

Ban san lokacin da na damƙi wuyan hannunsa ba. Tsohuwa ce ni, amma shekara arba'in ina matse zane. Na cusa masa tutar, na tura hannunsa cikin toka, ja. Na tura cikin tsamiya, ruwan goro. Yana ta salati yana cewa ba shi ba ne, hannunsa ne.

Na ce, "Jatau, taso."

Mai gari ya ce shi ya gani daga nan. Na ce zan ba da labarin fitsari daga farko. Ya taso, ya naɗe hannun riga, ya tsoma da yatsa biyu. Ya canza. Ya tsaya yana kallo, ya sake tsomawa a ɗayar. Ya sake. Ya manta da mu sarai, sai da liman ya yi gyaran murya.

Na ce, "To, ranka shi daɗe, kai ma doguwa gare ka. A kwashe tukwanen gidanka."

Wani dattijo ya ce ai iskar a cikin tutar take, ba ta zaɓen hannu. Wani ya ce a'a, tsamiya dama itaciyar iskoki ce, wa bai sani ba. Magana ta kacame, kowa na kawo tasa, kuma kowace ta fi ta baya wauta. Ina kallon Mushe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Malami ne. Da a zage shi zai iya daurewa, amma a yi ta ba da amsar da ba daidai ba a gabansa, wannan ya fi ƙarfinsa.

Ya shigo fili ya ce, "Ba iska ba ce, ranka shi daɗe. Shimi ne."

Mai gari ya ce, "Shimin wa?"

Mata sunka fashe da dariya a baya. Wata ta ce, "Lea, mi shiminki ke yi a tutar gwamnati?" Mushe ya ce ba shimin da mata ke sawa ba, wani ilimi ne da ake kira haka da Faransanci. Liman ya ce lallai Nasara ba su da kunya. Mushe bai kula ba, ya riga ya hau, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa kamar muna lakwal.

Ya ce, "Hasken rana da kuke gani fari, ba launi ɗaya ba ne, launuka ne a haɗe. Ku dubi bakan gizo."

Sallau ya ce, "Ya ce ba iska ba, ga shi ya kawo Gajimare, iskar da ke cikin bakan gizo."

"Ka yi shiru ka ƙaru. A cikin gangamau da karan dafi akwai wani abu ƙarami, ido ba ya ganinsa. In haske ya sauka kansa, sai ya shanye wani kashi ya maido saura. Sauran nan da ya maido, shi idonmu ke kira launi. To abin nan, zamansa na canzawa da abin da ke kewaye da shi. In yana cikin tsami, ga irin zaman da yake yi, ga kashin da yake sha, ya maido mana ruwan goro. In toka ta taɓa shi, ko kanwa, ko sabulu, sai ya gyara zama, ya sha wani kashin daban, ya maido ja. Shi ne dai, bai tafi ko'ina ba. Shi ya sa yake dawowa."

Gaskiya zan faɗa, ya burge ni kaɗan. Uwata ta koya mini gangamau ba ya son toka, ba ta taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ba don in ƙaru na zo ba.

Na ce, "Mushe, ɗana, maimaita mini, kunnen tsufa. Toka, da kanwa, da mi?"

"Da sabulu."

"Sabulu ma?"

"Ƙwarai. Sabulu ma yana daga cikin masu..." Sai ya tsaya, tsinken na hannunsa.

Na ɗauki tutar ta wajen tsanwan, inda ban tsoma ba, na kai hanci. Na miƙa wa mai gari, ya sansana. Ya miƙa wa liman. Ba sabulun salo ba ne namu mai warin toka, sabulun kanti ne mai ƙamshi, kwana goma sha ɗaya bayan rumbu bai kashe shi ba. Na ce, "A garin nan gida nawa ke wanka da wanga?"

Kowa ya juya wuri ɗaya. Sai muryar Lea daga baya, ba ta ko tashi ba, tana tsifar kan ɗiyarta. Ta ce, "Kaza ce ta yi kashi a yadin, ya kama wanki da asuba. Na ce mishi ya bar kashin kazar nan, wa zai gan shi can sama. Ya ce gwamnati ba ta hawa gora da kashin kaza. Da ya fara ja na ce ya je wurin Inna, ya ce in ya bushe zai koma."

Mushe ya ce, "Lea."

Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya ba ka cin tuwo, ni ke zubarwa."

Dariyar da anka yi ba zan iya faɗinta ba. Ni ban yi ba. Mai gari ya share hawaye ya ce to magana ta ƙare, kuskure ne, Inna ta ɗauki tukwanenta, Allah ya kiyaye gaba.

Na ce, "Ba ta ƙare ba. Tukwane da ƙafa sunka zo nan? Wanda ya sa anka kawo su shi zai mayar. Sunana kuma a kasuwa anka ɓata shi, da shela. A kasuwa za a gyara, da shela."

Haka Mushe Norbert ya ɗauki babbar tukunya a ka, ba gammo, ya ratsa gari da tabarau da alƙalaminsa, sawu uku. A sawu na uku ya ajiye ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Tsoro ne." Na ce na ji. Na ba shi ruwa. Ya tsaya yana leƙen ƙullin karan dafi, ya ce ko zan zo lakwal in nuna wa yara abin ƙwaryar nan. Na ce sai na huce, kuma ban sa rana ba.

Ran kasuwa Sallau ya fito shela, ni ina bayansa da muciya. Ya tsaya wurin 'yan gishiri ya buɗe murya ya ce, "Mai gari na gaishe ku. Ya ce a faɗa muku an yafe wa Ajuma."

Na sauke masa muciya a kafaɗa. Na ce, "An yafe wa wa? Mi na yi?"

Ya sosa ya ce, "Ya ce a faɗa muku doguwar Ajuma ba ta da laifi."

Na ƙara masa.

"Ya ce Ajuma ba ta da doguwa. Ba ta da laifi. Kaza ce da Mushe da shimi."

Wannan na bari, don ya kusa. Haka munka zaga, 'yan gishiri, 'yan dabbobi, rumfar mahauta, masu fura. Duk inda ya karkace in daidaita shi. Kafin mu gama rabin kasuwa na biye da mu, wasu na roƙonsa ya yi kuskure.

Na koma gindin bedina, iccen dogon yaron da nake cin kasuwa a inuwarsa, na zauna, na baza kaba da zare. Mutane na wucewa suna gaisuwa, babu mai tsayawa. Sai wajen la'asar ga Hure, Bafulatana daga rugar yamma, da ƙullin farin zare, ɗiyarta za ta yi aure bayan girbi. Ta tsuguna, ta ajiye zaren a gabana, ta ajiye 'yar ƙwaryar nono kusa da shi. Na ce nonon na mi ne, ban yi ciniki ba.

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Na ji shela, Inna, na san ba ki da komai. Amma in kin koma gida ki ba ta. Ki ce mata irin na tuta nake so, mai canzawa. Ja ranar aure, ruwan goro ranar suna."

Na ɗaga ƙwaryar na shanye nonon a gabanta, na goge baki, na ce ta dawo kasuwa ta sama, ta zo da tsamiya.